Abin da Ke Faruwa a Ɗakin Ganawa

Duk lokacin da na faɗi sana'ata, tambayar da ke biyo baya ita ce ko ina rubuta wa mutane magani. Ba na rubuta ƙwaya ko allura, domin wannan hurumin likitan ƙwaƙwalwa ne, wanda sai da ya gama karatun likitanci kafin ya ƙware a fanninsa. Ni masanin halayyar ɗan'adam ne da ke aiki da marasa lafiya, kuma kayan aikina su ne tambaya da sauraro, sai gwaje-gwajen da aka tsara don auna tunani da ɗabi'a.

Sana'ar ba ta tsufa sosai ba. A shekarar 1896 ne Lightner Witmer ya buɗe cibiyar farko ta wannan aiki a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, inda ya fara da yaran da karatu ke ba su wahala. A 1949 kuma, a taron masana wannan fanni da aka yi a garin Boulder, shi ma a Amurka, aka tsayar da cewa mai wannan aiki ya zama mai bincike kuma mai warkarwa a lokaci guda. Ina ganin hikimar wannan matsaya, domin kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa a damƙa wa mutum zuciyar wani ba.

Abin da ya fi ba ni wuya a shekarun farko shi ne kame bakina daga ba da shawara. Wanda ya shigo da ciwon damuwa ya riga ya sha nasiha har ta ishe shi, an ce masa ya yi haƙuri, an ce ya dubi na ƙasa da shi, kuma duk ya ji, amma nauyin da ke ƙirjinsa bai motsa ba. Aaron Beck, wanda shi kansa likitan ƙwaƙwalwa ne, ya lura a shekarun 1960 cewa masu wannan ciwo suna fama da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, su kuma su karɓe su tamkar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. A kan wannan ya gina hanyar maganin da nake amfani da ita, wadda yawanci takan ɗauki zama 12 zuwa 20, kowane zama kusan minti 50.

Na tuna wani magidanci da ya rasa aikinsa. A zamanmu na farko bai ɗaga kai ba, yana ta murza makullin da ke hannunsa, sai can ya ce, "Likita, ni fa ba ni da wani amfani." Da a da ne, da na yi maza na ƙaryata shi. Sai na miƙa masa takarda, muka ja layi a tsakiyarta, na roƙe shi ya rubuta hujjojin da ke gaskata maganar a gefe guda, waɗanda ke ƙaryata ta a ɗaya gefen. Gefen farko ya cika nan take. Ɗayan ya zauna fari fat har mako uku, kuma ban cika masa shi ba, ko da yake ina ganin abubuwa da dama da suka cancanci shiga, domin hujjar da ba shi ya gano ta da kansa ba ba za ta raka shi gida ba. A mako na huɗu ya rubuta cewa kullum shi yake zama da 'yarsa su yi aikin makaranta, ya daɗe yana kallon rubutun.

Ba kowa ke samun sauƙi haka ba. Wani sai an haɗa masa da maganin likitan ƙwaƙwalwa, wani kuma yakan daina zuwa ba sallama, kuma irin wannan yana tsaya mini a rai. Sirrin da aka ba ni amana ne, ba na fitar da shi sai idan rai na cikin haɗari, kuma tun ranar farko nake shaida wa mutum wannan iyaka. Ni ma ina da wani babba a sana'ar da nake zama da shi a kai a kai, in kai masa abin da ya shige mini duhu ba tare da ambaton sunan kowa ba, kuma sau da yawa shi ne yake nuna mini inda na yi gaggawar magana alhali shiru ne ya dace.