Ƙarfen gola da ya cinye mini shekara guda

Har yau idan na wuce filin ƙwallo na ga yara suna lilo a jikin ƙarfen gola, sai na ji damatsana sun amsa. Wani ƙarfe irin wannan, a wani fili mai ƙura a Umdurman ta ƙasar Sudan, shi ya cinye mini shekara ɗaya cur. Babu wanda ya ɗora ni a kansa, da ƙafata na je.

Ni ɗan Sinnar ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga yamma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka yada zango a nan bakin kogin Nilu, kuma har gobe Hausa muke yi a cikin gida, Larabci a waje. Da na gama Shahada Sudaniyya, wato jarrabawar ƙarshe ta sakandare, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, sai na cike takardar neman shiga Kulliyya Harbiyya, kwalejin horar da hafsoshin soja da ke Wadi Sayyidna, arewa da Umdurman, wadda ake yi wa kirari da Masna'ur Rijal, wato masana'antar maza. Baba ya yi mini addu'a ya yi shiru. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, cewa ta yi, "Wannan yaron dai ya ƙi zama wuri ɗaya."

Gudu bai taɓa ba ni tsoro ba. Madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925 tsawonta ya ɗan haura kilomita 3, da ita nake auna kaina. Wata huɗu ina fita bayan sallar asuba, in yi tsawonta in dawo, har masunta suka daina ɗaga kai idan na wuce. Takardu, awon tsayi da nauyi, gwajin ido, duk sun tafi salin alin, ba sai na ɓata muku lokaci a kansu ba.

Abin da ban taɓa gwadawa ba shi ne in ɗaga jikina da hannuwana. Na san a ma'ayana, wato gwajin tantance masu neman shiga, akwai dagat (dafa ƙasa kana ɗaga jiki da hannuwa) da batan (kwanciya rigingine kana tasowa zaune) da uƙla (rataya a ƙarfe kana jan jiki sama), kowa ya sani, amma na ɗauka gudu ne abin da ake ji da shi, sauran cikon benci ne. Kuma ni da na tashi ina saɓa buhun dawa a gona, wane ƙarfe ne zai gagare ni? Ashe saɓa buhu aikin ƙafa da ƙugu ne. Ka rataye a ƙarfe ka ja kanka sama har haɓarka ta wuce shi, wannan aikin wasu tsokoki ne daban, na faffaɗan baya da gaban damtse da riƙon yatsu, kuma nawa ba su taɓa sanin an haife su don wani aiki ba.

Saura kwana biyar na sauka gidan Kawu a unguwar Sawra. Kawu tsohon soja ne, ya yi shekaru yana horar da kurata, amma na tarar ya tafi ta'aziyya Madani. Da yana nan da ba a yi wannan labarin ba. Wanda na tarar ɗansa ne, taubashina, wanda ya girme ni da shekara biyu kuma ya taɓa zuwa ma'ayana.

"Kai baƙauye, uƙla nawa kake yi?"

Na ce ko ashirin.

Bayan la'asar ya ja ni filin ƙwallon unguwa. Na yi uku. Ta huɗun ina shure-shure kamar kazar da aka yanka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ta huɗun ko kakata ce ke ƙirga ba za ta ƙirga ta ba: sai hannu ya miƙe sosai a ƙasa, sai haɓa ta wuce ƙarfe a sama, ba lilo, ba harba ƙafa.

Nan cikina ya ɗuri ruwa. Sai ya nuna mini wata dabara: ka yi tsalle ka kama ƙarfen haɓarka na sama, sannan ka sauko a hankali, a hankali, har hannu ya miƙe. Don Allah kada wani ya ɗora masa laifi. Dabarar daidai ce, da ita masu koyon uƙla suke farawa a ko'ina, kuma cewa ya yi in yi kamar goma in huta. Shi ya tafi wajen abokansa, ni na tsaya.

Abin da ya zo mini a rai shi ne yadda na ci Shahada. Lissafi ya kusa kayar da ni, na yi kwana huɗu ba barci ina haddar ƙa'idoji, kuma na haye. To me zai hana in yi wa damtse abin da na yi wa ƙwaƙwalwa? Na yi ta tsalle ina saukowa har aka kira magariba. Na daina ƙirga bayan na wuce ɗari. Da hannuwa suka ƙi riƙe ƙarfen sai na kwanta na ɗora da dagat. Ruwa kuwa kurɓa ɗaya na yi, wai soja ba ya shan ruwa a fagen horo, maganar da ban san inda na tsinto ta ba. Wanda ya san zafin Umdurman da la'asar, lokacin da ƙasa ke mayar da wutar da ta sha tun safe, ya san irin gangancin da na yi. Washegari da safe na koma na ƙara, duk da hannuwan sun yi nauyi. Na ce alamar aiki ya shiga ke nan.

A rana ta uku na tashi hannuwana sun lanƙwashe kamar mai ɗauke da tire, sun ƙi miƙewa, sun kumbura daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Alwala ta zama aiki, da ƙyar na kai hannu na shafi kai. Da aka kawo ful, dafaffen waken karin kumallo, da safe sai dai na sunkuyar da baki wajen kwano. Wannan duk bai tayar mini da hankali ba, domin kowa ya san ciwon jiki bayan motsa jiki ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku. Abin da ya kamata ya tayar mini da hankali na gan shi a bayan gida: fitsarina ya koma kalar karkade, wato zoɓo, zuwa dare ya zama kamar baƙin shayi da aka manta a kan gawayi.

Na gani da idona, na yi shiru. Na je kantin magani na sayo diclofenac, ina haɗiyar biyu da safe biyu da dare. In kuskuren farko wauta ce, wannan na biyun ya kusa zama ajali, kuma shi ne har yau idan na tuna nake jin haushin kaina. Kunya ce kawai. Yaya zan dubi matar kawuna in ce mata ga kalar fitsarina?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka sake mu a gudu na manta da komai, ƙafafuna ba su san abin da ya sami hannuwa ba, na shigo cikin na gaba-gaba ina jin kaina kamar an riga an ɗaura mini anini. Sai aka ce dagat. Na yi bakwai, a ta takwas hannuwa suka narke, na daki ƙasa da haɓa. Aka zo uƙla. Na yi tsalle na kama, na ce wa jikina hau, babu abin da ya motsa. Ukun nan da nake yi kafin in fara haukata, ita ma ta tafi. Sojan da ke ƙirga bai yi mini tsawa ba, ya ɗan jira ni, sannan ya rubuta abin da ya gani. Abin da ya gani kuwa sifili ne.

Ku lura da wannan, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai: da na kwanta na yi barci kwana biyar ɗin nan, da na yi uku ko huɗu a ƙarfe, da na yi dagat talatin da wani abu kamar yadda na saba. Wataƙila da gudun ya ɗauke ni, wataƙila da bai ɗauke ni ba. Amma da hannuna na mayar da uku ta koma babu.

Kawu ya dawo a daren da ya gabata, shi ya zo ɗaukata. Na fito ina amai a gindin wata bishiya. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, hannuwana ya kalla.

"Miƙe hannunka, ɗana."

Na kasa.

"Fitsarinka fa? Kada ka yi mini ƙarya."

Da na gaya masa bai ƙara cewa komai ba, ya tsayar da raksha, babur mai ƙafa uku, muka wuce asibiti. A hanya ne kawai ya ce, kamar da kansa yake magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Likitar da ta duba ni ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan maimaita shi yadda na fahimta saboda na san akwai irina da yawa. Idan aka yi wa tsokar da ba ta saba ba aikin da ya fi ƙarfinta, zarenta yana farfashewa, abin da ke cikinsa ya zubo cikin jini. A ciki akwai wani sinadari mai launi da ake kira mayogulobin, shi ne ya rina fitsarin, kuma idan ya yi yawa yana toshe 'yan ƙananan hanyoyin da ƙoda ke tace jini da su. Ciwon sunansa rabdomayolisis. Ta ce aikin da ya fi farfasa tsoka shi ne wanda take riƙe nauyi tana miƙewa a lokaci guda, wato daidai saukowar nan a hankali da na yi fiye da sau ɗari. Zafi da rashin shan ruwa suna ƙara wa wutar fetur. Diclofenac da danginsa irin su ibuprofen kuwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da take neman agaji. Akwai wani gwajin jini da ake kira CK mai nuna yawan ɓarnar tsoka. Na mai lafiya ɗaruruwa kaɗan ne, nawa ya shiga dubbai. Ta kuma tambaye ni ko na san nau'in jinina ta fuskar sikila, domin mai AS, ko da bai taɓa ciwo ba, ya fi shiga haɗari idan aiki mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa. Ban sani ba a lokacin. Aka gwada, AA ne. Mu da wannan abu yake da yawa a cikin danginmu, bai kamata saurayi ya shiga irin wannan fage bai san nasa ba.

Kwana uku ina kwance ana ƙara mini ruwa leda bayan leda, ana auna duk abin da na fitar, har launin ya washe. Ƙodar ta tsira, alhamdu lillahi. Hannuwan sai da suka yi kusan mako uku kafin su miƙe sosai.

Da na koma Sinnar, bayan likita ta ba ni izini, Baba da kansa ya samo wani bututun ƙarfe muka kafa shi a tsakar gida kusa da rumfar awaki. Kawu ya ba ni tsari ta waya, kuma tsarin har haushi ya riƙa ba ni saboda sauƙinsa. Kwana uku a mako kawai. Kada in taɓa yi har hannu ya mutu, in sauka da sauran guda ɗaya ko biyu a jikina. Saukowar nan a hankali da ta kwantar da ni, ita ce dai ya ce in ci gaba da yi, amma biyar, ba ɗari ba. Wata na farko na koma uku. Wata na uku ina bakwai. Akwai makonnin da lambar ta tsaya cik har na fara jin tsohon shaiɗanin nan yana raɗa mini in ƙara, sai in tuna ledar ruwan asibiti. Kafin wata na shida ina yin goma sha biyu masu tsabta, waɗanda ko taubashina ba zai iya soke ɗaya ba.

Ya kuma sa na sauya lokacin gudu. Ya ce mai gudun asuba bai san kansa ba tukuna, domin ba kai ke zaɓar sa'ar da za a kira layinku ba, kana iya tsayawa a rana tun safe sai hantsi ya dubi ludayi a ce ku tashi. Jiki yana ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, don haka na riƙa matsar da gudun zuwa hantsi kaɗan-kaɗan, da gorar ruwa a hannu. Maganar soja ba ya shan ruwa kuwa, da na faɗa masa, cewa ya yi wanda ya gaya mini haka bai taɓa ɗaukar kurtu a kafaɗa zuwa asibiti ba.

Makon ƙarshe ya hana ni komai in ban da ɗan sassarfa da miƙe jiki. Na zo Umdurman na wuce ta gaban filin nan sau biyu, ban ko kalli ƙarfen ba. Duk wanda ya rage masa mako guda ya gano yana da rauni a wani abu, to ya shiga da rauninsa haka nan. Abin da bai samu a wata uku ba, ba zai same shi a kwana biyar ba, sai dai ya rasa wanda yake da shi. Kuma in fitsari ya sauya launi bayan horo, ko hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, asibiti za a nufa a ranar, ba kantin magani ba.

A karo na biyu na haye. Sai dai shekarar nan ba ta dawo ba, kuma a aikin soja tazarar dufa'a ɗaya, wato rukunin ɗauka na shekara guda, ba wasa ba ce. Akwai wani yaro ɗan Kosti da na bari a baya da tazara mai yawa a gudun shekarar farko. Da na shiga na tarar da shi yana gaba da ni, ni ke ƙame masa, kuma haka za mu tafi har ritaya in Allah ya kai mu. Mutumin kirki ne, bai taɓa tuna mini ba. Ni ne dai nake tunawa duk lokacin da na ɗaga masa hannu.

Taubashina kuwa bai bar ni ba. Duk ranar da na je gidan Kawu aka kawo shayi, sai ya ɗaga kofin ya duba shi a haske, ya ce, "Hafsa, a zuba maka, ko ka zo da naka?"