Asabar ɗinmu a kan dutsen Uludag

Ranar da iska ta share sararin Istanbul, idan ka tsaya a bakin teku ka dubi kudu, za ka hangi wani dutse fari fat can ƙetaren tekun Marmara. Shi ne Uludag, mai tsayin mita 2,543, birnin Bursa yana kwance a gindinsa. Na daɗe ina hangensa ta tagar bas, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wani Baturke da muke aji ɗaya, haifaffen Bursa, shi ya matsa bayan mun sauke jarrabawar zangon farko, ya ce abin kunya ne mutum ya gama digiri a Turkiyya bai taɓa faɗuwa a kan dusar ƙanƙarar garinsu ba. Muka haɗa tafiya a wani ƙarshen mako na watan Fabarairu: ni, da wani ɗan Jos mai karatun likita, da wani ɗan Maraɗi mai karatun addini, sai shi mai gayya.

Sai dai Uludag dutsen masu hali ne. Otal-otal ɗin da ke samansa na 'yan kasuwar Istanbul ne da baƙi daga ƙasashen Larabawa, kwana ɗaya a cikinsu zai iya lashe abin da ɗalibi irina yake ci a wata. Don haka dabarar ɗan makaranta ita ce ya kwana a ƙasa, ya yi wasa a sama. Kayan sanyi a yi hayarsu a cikin gari, abinci a cusa a jaka, a dutse a biya abin da ba makawa kawai.

Yammacin Juma'a muka shiga jirgin ruwa daga tashar Yenikapi da ke Istanbul, kusan awa biyu muka sauka a gaɓar Bursa, daga nan bas, daga bas jirgin ƙasa na cikin gari. A gidan mahaifiyar abokin namu muka sauka. Teyze, wato inna da Turkanci, kamar yadda muke kiranta, ta dube mu sama da ƙasa, ta dubi takalmanmu, ta girgiza kai. Bayan miya mai zafi da shayi kofi bayan kofi, ta shiga ɗaki ta fito da safar ulu saƙar hannu ta raba mana, ta ce wa ɗanta idan ya dawo mata da 'ya'yan mutane a karye, kada ya shigo mata gida.

Da asuba muka kama hanyar Teferruc, unguwar da tashar teleferik take. Teleferik ɗin wasu 'yan ɗakuna ne na gilashi masu cin mutum takwas, rataye da igiyar ƙarfe, suna bin juna zuwa sama ba tsayawa. Tun 1963 ake hawa dutsen ta wannan hanya, daga baya aka sake ginin layin aka miƙa shi har unguwar otal-otal, ya kai kusan kilomita 9. Ɗan Maraɗi yana shiga ya kama addu'ar hawan abin hawa da ƙarfi, wata tsohuwa da ke gefe ta ce amin, duk muka yi dariya, ita ma ta yi.

Wannan hawan na minti ashirin da 'yan kai shi kaɗai ya isa a yi tafiyar dominsa. Da farko rufin gidajen Bursa ne jajaye a ƙarƙashinka, da hasumiyoyin masallatai, da hayaƙin masana'antu can a fili. Sai daji ya karɓa, itatuwa tsirara ba ganye, ƙasa baƙa da danshi. Sai ka fara ganin fari tsilli-tsilli a gindin itatuwa, kafin ka ankara itatuwan sun sauya zuwa dogaye masu ganyen allura, rassansu sun sunkuya don nauyin ƙanƙara. Kunne ya toshe, gilashi ya yi raɓa. Ɗan Jos ya tuna mana darasin sakandare, cewa kowace mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Ba mu buƙaci lissafinsa ba, hancinmu ya riga ya ba mu labari. A Sariyalan, wajen mita 1,635, iyalai da yawa suka sauka. Can ne wurin masu gasa nama da jifan juna da ƙanƙara da ɗaukar hoto, kuma ban ga laifinsu ba. Sun fi mu komawa gida da lafiyar jiki. Mu muka zarce.

A sama kasuwa ce sosai. Kiɗa yana tashi daga kowane shagon shayi, masu hayar kaya suna kira, masu koyarwa cikin jajayen riguna suna farautar sabon shiga, ƙamshin tsiran sujuk ya cika wuri. Farashin komai ya ninka na ƙasa, har ruwan sha. Mu uku baƙaƙe cikin wannan fari, ba mu ɓoyuwa. Duk taku goma sai wani ya tare mu da tambayar daga ina. Ka ce Najeriya, yaro ya ce Osimhen, dattijo ya ce Okocha, don har yau magoya bayan kulob ɗin Fenerbahce ba su manta da shi ba. Ɗan Maraɗi kuwa ya sha bayanin cewa Nijar daban, Najeriya daban, har ya gaji ya koma cewa Afirka kawai.

Mai gayya ya so mu ɗauki siki, ya ce ya fi sauƙi a ranar farko. Muka ƙi, allon zamiya muka zo hawa. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. Mai siki kowace ƙafa da katakonta, ga sanduna biyu a hannu, kuma yana fuskantar inda za shi. Mai allo an ɗaure ƙafafunsa biyu a kan katako guda, a karkace yake tafiya, kafaɗa a gaba, ba sanda ba madogara. Wani Ba'amurke ne a jihar Michigan ya fara haɗa siki biyu wuri guda don 'ya'yansa su yi wasa a 1965, kuma sai a 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu. Har yanzu tsofaffin 'yan siki kallon 'yan tasha suke yi wa masu allo, musamman da yake mu ne muke zubewa a tsakiyar hanya muna tare musu wuri.

Muka yi karo-karo muka ɗauki mai koyarwa na awa biyu, kuma a duk kuɗin da na kashe a tafiyar nan babu wanda ya fi wannan halatta. Wani siririn mutum ne da rana ta ƙona masa fuska, ta bar zanen tabarau fari a kewayen idonsa. Bai ce mana komai ba, ya sa muka juya masa baya, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana hankaɗawa ba zato. Ƙafar da ka fara jefawa don ka tare faɗuwa, ita ce ƙafarka ta gaba a kan allo. Ni da ɗan Jos hagu, ɗan Maraɗi dama. Ya ce alhamdu lillahi, ko a nan ma sunna ta bi shi.

Sirrin allon yana gefensa. Kowane gefe akwai siririn ƙarfe mai kaifi, shi ne birki, shi ne sitiyari. Ka danna dunduniya ka ɗaga yatsu, gefen baya ya ciji ƙanƙara, ka tsaya. Ka danna yatsu, gefen gaba ya kama. Ka saki allon ya kwanta daidai, sai ya ɗauke ka da gudu. Idan kuwa gefen da ke kallon gangara ya riga kamawa, to babu sallama: ko ka ji ƙeyarka ta bugi ƙasa, ko ka ci da baki. Hular kwano ba ado ba ce a nan. Darasin farko shi ne saukowa a kan dunduniya, ka karkata hagu, ka karkata dama, kana saukowa kaɗan-kaɗan. Mutumin yana tafe da baya a gabanmu yana maimaita abu ɗaya: a lanƙwasa gwiwa, nauyi a ƙafar gaba, ido inda za a je.

Faɗa da baki ba wuya. Da gangara ta buɗe a gabanka, jiki da kansa yake ja da baya, kuma wannan jan shi ne yake ɗage hancin allon ya ƙwace maka linzami. Na ce, “Hojam,” wato malamina da Turkanci, “jikina ne ba ya yarda.” Ya ce jikin kowa ba ya yarda, sai ya gaji da faɗuwa. Mazaunai suka yi tsami, cinyoyi suna rawa, zufa tana bin baya alhali gashin baki ya daskare. Yara 'yan shekara biyar suna wuce mu fiu, a jere bayan malaminsu. Wata 'yar ƙarama mai hular kwano ruwan hoda ta ci birki a gabana ina kwance, ta tsaya tana kallona da tausayi na gaske, sannan ta miƙo min hannu. Hannun bai kai tafina rabi ba, amma na kama.

Abin da ya fi gangarar wulaƙanci shi ne na'urar da ke jan mutane zuwa sama. Sanda ce rataye da igiya mai tafiya, an yi ta ne don 'yan siki masu fuskantar gaba. Mai allo sai ya kwance ƙafar baya, ya maƙala sandar a cinyar gaba, a ja shi a karkace. Ni dai haka ta riƙa jana kamar akuyar da za a kai kasuwa, ina turjewa tana fizga, mutanen da ke layi suna ba ni shawara cikin harsuna uku.

Da azahar ta yi muka nemi ɗakin salla. Muna kwance takalma ɗan Maraɗi ya tsaya ya dubi filin nan fari, ya ce, “Malam, ka tuna Ahlari?” A babin taimama, cikin abubuwan da aka lissafa ana iya taimama da su, bayan turɓaya da dutse, har da ƙanƙara. Mun haddace wurin muna yara a zaure, cikin zafin bazara, ba wanda ya taɓa kawowa zai ga ranar amfaninsa. Ya ce yau dai ga mas'ala ta fito daga littafi. Ɗan Jos, da yake neman hanyar tsira daga ruwan sanyi, ya goyi baya nan take. Sai ɗan Maraɗi ya juya masa, ya ce taimama ta wanda ya rasa ruwa ce ko wanda ruwan zai cutar, ga famfo nan yana zuba, kai kuma ƙato lafiyayye. Haka muka yi alwala muna kakkarwa, muka yi ƙasaru raka'a biyu, muka ci burodi da cuku da zaitun ɗin da Teyze ta ƙunsa mana. Salef kaɗai muka saya, wani abin sha ne fari mai kauri da ake barbaɗa wa kirfa, kofin ya fi komai daɗin riƙewa a hannu.

Wajen la'asar abin ya zo. Na sauko a kan dunduniya, na juya kafaɗa, na tura nauyi gaba kamar yadda aka ce, hancin allon ya nufi ƙasa, gabana ya faɗi, na danna yatsu, sai kawai na ji na zagayo ina kallon dutse, ban faɗi ba. Ƙarfen yana yanka ƙanƙara da wani sauti shuuu, iska tana dukan kumatu. Na sake juyowa, ya sake yarda. Gangarar 'yan koyo ce, wadda yaran nan suke sauka suna hira, amma ihun da na yi sai da mutane suka waiwayo. A nan na gane abin da ke sa mutum mai hankali ya zuba dukiyarsa a wannan wasa.

Daga nan hazo ya fara saukowa. Cikin ɗan lokaci sama da ƙasa suka zama launi ɗaya, ba ka bambance tudu da kwari. A cikin wannan ne gefen allon ɗan Jos ya kama, ya faɗi gaba ya tare da tafin hannu. Wannan shi ne raunin da ya fi samun sabon shiga a wasan allo, kuma shi da kansa, ɗalibin likita, da safe ya gama yi mana lacca cewa a dunƙule hannu a faɗi a kan damtse. Jami'an ceto na Jandarma suka iso a kan babur ɗin ƙanƙara, suka ɗaure hannun, suka sauko da shi. Hoton asibiti a Bursa ya nuna targaɗe ne, ba karaya ba. Duk mai niyyar zuwa, ya haɗa da abin kare wuyan hannu cikin kayan haya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kuma in da hali ya zo tsakiyar mako, don ranar Asabar rabin lokacinka a layi zai ƙare.

Teyze ta yi wa ɗanta faɗa kamar yadda ta yi alkawari, amma ta bar shi ya shiga. Da dare ya kai mu Cekirge, unguwar da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wadda tun zamanin Rumawa ake zuwa wanka a cikinta. Na shiga ruwan nan na ji kowace gaɓa tana kawo ƙararta.

Lahadi ta yawon gari ce, muna tafe muna ɗingishi. Bursa ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko mai suna, Orhan Gazi ya ci ta a 1326, kabarinsa da na mahaifinsa Osman suna kan tudun Tophane. Muka yi azahar a Ulu Jami, masallacin da Sarki Bayezid na ɗaya ya gina aka gama a 1399, mai ƙubba ashirin, da wurin alwala a tsakiyarsa, ruwa yana zuba kana salla kana jin ƙararsa. Bangonsa da ginshiƙansa cike suke da rubutun Larabci manya-manya, wani harafin ya fi mutum tsayi. Ɗan Maraɗi sai da muka janye shi. Muka leƙa Koza Han, tsohuwar kasuwar siliki, muka tambayi kuɗin mayafi muka ajiye. Ragowar kuɗinmu ya tafi a kan Iskender kebab, wanda asalinsa ɗan garin ne: yankakken nama a kan gurasa, da miyar tumatir da kindirmo, mai hidima ya zo ya tsiyaya tafasasshen man shanu a kai yana ƙara. Ni na yanka wa ɗan Jos nasa.

Muna cikin ci saƙo ya shigo waya cewa an soke jirgin ruwan yamma. Lodos ce ta taso, iskar kudu maso yamma da ke hargitsa Marmara, wadda kan tsayar da teleferik ma idan ta yi ƙarfi. Muka ruga tashar mota muka samu kujerun baya a bas mai bi ta gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016 ta rage zagayen gaɓar Izmit. Zama a kujerar ma aiki ne, kowa ya karkace a gefe guda. Ba mu kai gadar ba mai gayya ya fara zancen Palandoken a Erzurum, wai ƙanƙarar can ta fi laushi, gangarar ta fi tsawo, kuma akwai jirgin ƙasa mai arha. Ɗan Maraɗi ya zaro takardar lissafinsa daga aljihu, ya ce ba Erzurum ba ko Makka ce, sai kowa ya fara biyansa kason kuɗin mai koyarwa.