Ram ɗin da ya ƙi shiga raminsa

Kwamfutar da na iske a situdiyon maigidana irin ta ofis ce, 'yar gwanjo, wadda aka kwaso daga Turai bayan ta gama yi wa wasu bauta. Furosesarta Core i5 ce ta zubi na huɗu, ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kai, gig takwas, da had-dis mai juyawa wanda in ɗaki ya yi tsit har numfashinsa kana ji. Da ita muka ci kakar zaɓen 2023. Duk wanda ya yi aikin kiɗa a Kano a watannin nan ya san yadda aka yi: mawaƙa suna layi tun hantsi, kowa da ɗan takararsa, kowa yana so a ba shi waƙarsa kafin magariba. Ita kuwa baiwar Allah, da zarar layukan murya sun haura ashirin, an ɗora wa kowanne gyaran murya da amsa-kuwwa, sai ta fara ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Sau nawa 'yan amshi suka maimaita baiti mai kyau saboda ita ta tsinke a tsakiya.

Da aka gama zaɓe, ɗan abin da aka samu ya taru, maigida ya kira ni ya ce, "Kai ne mai karatun boko a nan, ka duba abin da za a yi wa wannan tsohuwar." Na ce, "Oga, ai ram ne kawai." Ban duba komai ba na faɗa. Haka nake ji ana cewa, kwamfuta in ta yi nauyi a ƙara mata ram.

Na shiga kasuwa na sayo sanda biyu, gig goma sha shida kowacce, irin ram ɗin da ake kira DDR4. Na dawo na buɗe akwatin, na saita, na danna. Ta ƙi shiga. Na juya ta, na sake dannawa, har babban yatsana ya yi ja. Allah ya rufa asiri ban karya komai ba. Sai daga baya na lura da 'yar tsagar da ke ƙasan sandar, ba daidai take da tudun da ke cikin ramin ba. Tsohuwarmu DDR3 take ci, mai haƙora 240, abin da na sayo kuwa 288 gare shi, kuma da gangan masu ƙera su suka gusar da tsagar don irina su kasa cusawa. Mai shago ya ce kayan da aka fasa ledarsa ba ya komawa, kuma gaskiyarsa, shi bai ce in saya ba.

Abin dariya, wannan kuskuren shi ya zaɓa mana duk sauran kayan. Tunda akwai gig 32 na DDR4 a aljihun tebur, dole sabon madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ya zama mai cin DDR4. Nan take AM5, sokit (mazaunin furosesa) na kamfanin AMD, ya fita daga lissafi, domin tun fitowarsa a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa. Ya rage ko dai AM4, sokit ɗin da suke kai tun 2016, ko kuma LGA1700 na Intel, wanda madabod ɗinsa iri biyu ne, wani na DDR4 wani na DDR5, suna kusan ɗaya, sai ka karanta kwali da kyau. A lokacin dala ta fara gudu bayan an saki naira a watan Yuni, farashin safe daban na yamma daban. Muka tsaya a kan AM4, na ɗauki Ryzen 7 5700X mai ƙwaƙwalwa takwas, da madabod B450 da na samu da sauƙi.

Daga nan aka shiga ana kukan targaɗe sai ga karaya. Akwatin tsohuwar kwamfuta bai karɓi sabon madabod ba, ramukan kusa ba su zo ɗaya ba. Fawa-fak ɗinta ma, wato akwatin da ke ba ta wuta, wayarsa ta gidansu ce, ba mai baki 24 ɗin nan da kowane madabod na kasuwa yake jira ba. Yawancin kwamfutocin ofis haka ake yin su. Furosesar da na saya ba ta zuwa da fankar sanyaya ta a kwali. Kowace kwana biyu sai na koma wajen maigida da sabuwar buƙata, shi kuma ba ya cewa komai, sai dai ya buɗe waya ya tura kuɗi yana kallona ta saman tabarau.

Ranar da na haɗa komai na kunna, fankoki suka juya, fitilu suka kama, allo baƙi ƙirin. Na cire ram na mayar, na canja waya, na canja allo. Ƙarshe na naɗe ta a zani na hau adaidaita sahu zuwa wajen wani dattijon mai gyara da maigida ya amince da shi. Bai ko taɓa ta ba ya tambaye ni, "Yaro, ina katin hoton?" Na ce ai ga ramin HDMI a bayan madabod. Ya yi murmushi. Ramin yana aiki ne kawai in furosesar tana da nata sashen hoto a ciki. A wajen AMD na wannan zubin, masu harafin G a ƙarshe ne suke da shi, kamar 5600G da 5700G. A wajen Intel kuwa akasin haka, in ka ga F a ƙarshe to babu. Ya zaro wani ƙaramin katin hoto mara fanka ya soka. Har yanzu baƙi. Sai ya duba takardar da ke jikin kwalin madabod ya ce wannan ya daɗe a shago, an yi shi kafin a haifi furosesar, BIOS ɗinsa, wato 'yar manhajar da ke tayar da shi, bai san ta ba. Ya cire tawa, ya sa wata tsohuwar Ryzen da yake ajiye da ita don irin wannan rana, ya jona komai a inbata, ya sabunta BIOS. Minti biyar ɗin nan ban yi magana ba, domin ya riga ya gaya mini in wuta ta ɗauke a tsakiya sai dai a yi wa madabod sallah.

Ta tashi. Na ji kamar an yi mini bushara da haihuwa. Na kai ta situdiyo, na sa Windows, na sa manhajojin haɗa kiɗa, Cubase da FL Studio, na zo jona sawunkad, na'urar da ke kai sautin makirufo cikin kwamfuta, sai na tsaya riƙe da waya a hannu ina neman rami.

Sawunkad ɗin maigida tsoho ne mai irin wayar jonawar da ake kira FireWire, ya fi shekara goma yana aiki da shi, kuma shi ne abu mafi tsada a ɗakin in ka cire makirufo. A tsohuwar kwamfuta wani kati ne a ramin PCI yake karɓarsa. Sabon madabod ba shi da FireWire, ba shi da PCI, sai PCIe, wanda sunansa ne kawai ya yi kama. A nan ne maigida ya yi maganar da ta fi duk kuɗin da na ɓarnatar zafi. Ya ce, "Kai da kake sayayya, daga ina ka fara lissafi?" Na ce daga furosesa. Ya ce, "Mu nan sauti muke sayarwa. Da ka fara daga abin da makirufo yake shiga, ka dawo baya." Ya koma ya zauna.

Kuma haka ne. Da na zauna da takarda tun farko na rubuta abin da ba za mu canja ba, wato sawunkad, manhajojin da muke aiki da su, irin wutar da muke samu, da girman ɗakin, da jerin kayan da zan saya ya fito da kansa. Ni kuwa na je ina farautar manyan lambobi. Mun samo katin FireWire na PCIe mai guntun Texas Instruments, wanda masu aikin sauti suka daɗe suna cewa ya fi zaman lafiya da irin waɗannan na'urori, ya yi mana wata huɗu da lallami. Direban sawunkad ɗin, wato manhajar da ke haɗa shi da Windows, an daina sabunta shi tuntuni, wata rana ya gan shi, wata rana ya ƙi. Ƙarshenta maigida ya haƙura ya sayi na USB. Wanda yake da niyyar sayen mai Thunderbolt ma ya sani, ba kowane madabod ne yake da hanyarsa ba, kuma ramin USB-C ba shi ne Thunderbolt ba ko da bakinsu ɗaya.

Sai maganar ƙwaƙwalwa takwas da nake taƙama da ita. Na zata ƙas-ƙas ta tafi har abada, sai ga ta a waƙar farko mai nauyi, alhali ma'aunin Windows yana nuna furosesa ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba. Na daɗe kafin in gane dalili. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a dunƙule, gutsure-gutsure take yi, kuma kowane gutsure yana da wa'adi. In ka sa bafa, wato girman gutsuren, a ɗigon sauti 128 kana aiki a ɗigo 48,000 cikin daƙiƙa, wa'adin bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Layin muryar mawaƙi da aka jera wa fulogin, wato 'yan manhajojin gyaran sauti, kamar Auto-Tune, da mai daidaita ƙarfi, da mai tace sauti, da amsa-kuwwa, dole ɗaya ya gama kafin na gaba ya karɓa, don haka duk jerin a kan ƙwaƙwalwa ɗaya yake tafiya. Sauran bakwai suna iya zama suna hamma. In waccan ɗayar ta makara, ka ji ƙas. Ka ɗaga bafa zuwa 1024 ƙas ta tafi, amma wa'adin ya haura kashi ashirin cikin dubu, mawaƙiya ta riƙa jin muryarta a hedifon tana biyo ta a baya, ta cire ta ce, "Injiniya, wannan abin naka yana kwaikwayona." Yanzu ƙaramin bafa nake ɗaukar murya da shi, fulogin kaɗan, in an zo mikisin in ɗaga. Da na san haka tun farko, da tsohuwar ma ta ɗan ƙara kai mu.

Akwai kuma wata ƙas ɗin da ba ruwanta da nauyin waƙa, takan zo ko layi biyu ne. Wata 'yar manhaja mai suna LatencyMon ce ta nuna mini ɓarawon: direban ɗan abin kama intanet na USB da na soka a baya, shi ne yake riƙe furosesa na ɗan lokaci yana hana sauti wucewa. Na zare shi, na ja waya daga rauta, na mayar da tsarin wutar Windows kan cikakken ƙarfi, shi ke nan. A wannan binciken ne ma na gano ram ɗin da ya jawo duk wannan tafiya yana gudu a 2133 maimakon 3200 da ke rubuce a jikinsa, don ban kunna XMP, saitin da ke ba shi cikakken gudunsa, ba, kuma na jera sandunan gefe da gefe alhali littafin madabod ya ce rami na biyu da na huɗu.

Wannan littafin, ɗan siriri da na jefa cikin kwali tun ranar farko, ya sake ba ni kunya. Na sa SSD na NVMe, ma'ajiya mai sauri fiye da had-dis, a ramin M.2 don Kontakt, manhajar sautukan kayan kiɗa, ya daina sa mu jira, na kunna, sai had-dis ɗin da ke ɗauke da ayyukan maigida na shekara da shekaru ya ɓace daga kwamfuta. Gumi ya karyo mini. Waƙoƙin biki, na siyasa, na fim, wasu ba a ma biya kuɗinsu ba. Ashe a shafi ɗaya an rubuta ƙarara cewa in aka yi amfani da M.2, ramukan SATA biyu na ƙarshe, inda ake jona had-dis, suna mutuwa, hanyarsu ɗaya. Na matsar da wayar zuwa rami na farko, komai ya dawo. A daren na kwafe su duka zuwa wani had-dis na waje, abin da ya kamata in yi kafin in taɓa ko kusa ɗaya.

Lasisi ma sai da ya ci mana kwana biyu, domin wasu fulogin suna ɗaure kansu da kwamfutar da aka fara sa su, in ba ka sake su daga tsohuwa ba sabuwa ba za ta buɗe su ba. Waɗanda ba a saya ba kuwa, kowa a harkar nan ya san suna nan, ba zan yi wa kowa wa'azi ba, amma su ne suka fi ba mu wahala: tsofaffi ne 'yan 32-bit, Cubase ya daina karɓar irinsu tun fitowar na tara a 2016, kuma ba wanda za ka kai wa kuka.

Abin da ba a rubuta a kan kowane kwali ba shi ne garinmu. Fawa-fak mai kyau da na saya, irin na zamani mai gyara shigar wuta, bai jitu da ƙaramin UPS ɗinmu ba. Da NEPA ta ɗauke, maimakon ya riƙe sai kwamfuta ta mutu, saboda wutar da yake bayarwa mai kusurwa ce, ba mai santsi irin ta layi ba. Sai da muka mayar da ita kan inbatan da ke ba da tsantsar wuta. Wani gurnani da ke fitowa a sifika kuma aka gano ginin ba shi da waya ta ƙasa, mai wayarin ya zo ya kafa ƙarfe a bayan ɗaki. Ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri arba'in, ga ƙurar hunturu da take toshe raga cikin mako uku. In ta toshe fankoki su haukace, kuma situdiyonmu ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfar katako, makirufo mai jin motsin tsaka ba zai ƙi jin fanka ba. Na cire ƙananan fankokin da suka zo da akwati na sa manya biyu masu juyawa a hankali, na sauke kwamfutar daga tebur na kai ta lungu nesa da rumfa, kuma duk Juma'a kafin masallaci nakan cire ragar in kaɗe.

Waƙar farko da muka ɗauka bayan komai ya zauna ta amarya ce, 'yan amshi huɗu, layuka sun kai hamsin. Tun daga azahar har la'asar ko ƙas ɗaya ba ta yi ba. Da muka zo saurare, maigida ya ɗaga hannu ya ce in mayar da baiti na uku. Na mayar. Can ƙarƙashin muryar mawaƙiyar akwai wani ruri siriri, na fara zare ido ina tunanin wace waya ce kuma. Ya tashi ya buɗe taga. Injin markaɗen maƙwabciyarmu ne, aka jira ta gama niƙan tattasai sannan aka sake baitin.