Ciki da falo a Maraɗi: gyaran ƙaramin ɗaki ba tare da an toshe shi ba

Ɗakunan haya da yawa a unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo ciki da falo ne: uwar ɗaki wajen mita 4 a 3 da rabi, falo kusan haka, taga ɗaya ko biyu. Yawan kaya ne ke kashe irin wannan wuri. A jibge katafaren gado, kujeru saiti guda, kabad ɗin jere, a wayi gari mai ɗaki tana tafiya a kaikaice. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Duk kwalliyar da ba ta yi la'akari da waɗannan biyun ba, wahala za ta zama.

Kafin ku je wurin kafinta, ku ari tef ɗin tela ku auna kowane bango, har da faɗin ƙofa. Ku shata wurin gado da na kujera a ƙasa da alli. Gado mai santimita 160 a 200 ya wadaci mutum biyu. Mai 180 a ɗakin mita 3 da rabi zai cinye hanya. Tsakanin gado da kabad a bar santimita 60 zuwa 70, in ba haka ba marfin kabad ba zai buɗe sosai ba. A kuma ware fili wajen santimita 70 a 120 mai fuskantar alƙibla, kada kullum sai an ture tebur kafin a shimfiɗa sallaya.

Fenti shi ne gyara mafi araha da ya fi canza ɗaki. Lissafinsa ba wuya. Ɗakin mita 4 a 3 da rabi kewayensa mita 15 ne. In tsayin bango mita 3 ne, an sami murabba'in mita 45. A cire kamar 4 na ƙofa da taga, saura 41. Litar fentin ruwa tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, ana kuma son shafa biyu, wato lita 8 zuwa 9. Bangon da bai taɓa ganin fenti ba ya fi haka sha. Launi kuwa a zaɓi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske. Fari tas yana da kyau ranar farko, amma jar ƙurarmu ba ta barinsa ya kai Fabrairu da mutuncinsa. Mai son launi mai ƙarfi ya ba shi bango ɗaya kacal, wanda ke bayan kujera ko kan gado.

Abubuwa uku ke sa fenti ɓarewa. Sabon shafen siminti yana son wajen sati huɗu kafin ya bushe, in an yi gaggawa fentin zai yi ƙuraje. Fentin ruwa a kan tsohon fentin mai ba ya kamawa sai an goge ƙyallin da takardar yashi. Na ukun shi ne danshin damina da ke hawowa daga gindin bango yana fito da farin gishiri. Wannan ba fenti ke maganinsa ba. A duba ko ruwan indararo na kwanciya a bayan ɗakin, a yi magana da mai gidan a kawar da shi, a kankare wurin, a bar shi ya bushe bayan damina. Gidan da ke da yara ƙanana, fentin mai daga ƙasa zuwa mita 1 da santimita 20 yana wankuwa da soso.

Labule ma yana da dabara. Kada a kafa sandarsa daidai bakin taga. A ɗaga ta santimita 15 zuwa 20 sama, a zarce haka kowane gefe, labulen ya sauko ya rage yatsa biyu ya taɓa ƙasa. Ido zai ɗauka tagar babba ce, rufin kuma ya yi nisa. Faɗin yadi ya kai na sandar sau ɗaya da rabi ko sau biyu don ya yi tattara. Turmin atamfa yadi 6 ne, wajen mita 5 da rabi, in an raba biyu kowane ɓari ya haura mita 2 da rabi, ya ishi tagar da faɗinta bai wuce mita 1 ba. Sai dai tagar da ke kallon yamma tana koɗar da atamfa cikin 'yan watanni, don haka tela ya yi mata shafi da farin yadi, wanda kuma ke rage zafin la'asar.

Yanzu ga inda ake samun fili na gaske: bango. Kwanuka da tangaran na jere ba dole sai kabad mai zurfin rabin mita ba. Katako biyu ko uku masu zurfin santimita 20 zuwa 25, da ƙarfen tallafi kowane santimita 60, za su ɗauki abin da ake son baƙi su gani, sauran ya shiga akwati ƙarƙashin gado. Bulon siminti mai rami ba ya riƙe ƙusa haka kawai. A huda da injin huda bango mai bakin milimita 8, a cusa 'yar robar da ke riƙe ƙusa a rami, sannan ƙusa mai murɗi. Kada a huda saitin makunnin wuta ko soket, sama ko gefe, nan waya ke bi. Bangon laka kuwa kada a ɗora masa nauyi, a yi kanta mai ƙafa.

Abin ratayawa ba sai ya tsallako daga Kano ko Dubai ba. Faya-fayai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, a tara su wuri ɗaya da tazarar yatsa uku, sun fi hotuna goma a warwatse. Haka ƙwarya mai zane. Tsakiyar abin da aka rataya ta kasance wajen mita 1 da rabi daga ƙasa. Mutanenmu na son kai hoto kusa da rufi, sai baƙo ya ɗaga wuya kamar mai duban wata. Matashin fata na dukawa guda biyu a ƙasa suna maye gurbin kujera, kuma garin da ake kiran jar akuya da sunansa bai kamata ya rasa fata mai kyau ba. Madubi dogo a bangon da ke gefen taga yana ninka haske, amma kada rana ta riƙa dukansa kai tsaye.

Ƙwan lantarki fari fat guda ɗaya a tsakar rufi yana mai da falo kamar ɗakin allura. A duba kwalin: 6500K fari ne, 2700K ko 3000K ruwan zuma. Mai wat 9 na LED a sama, da ƙaramar fitila a kusurwa, sun isa. Fitila mai caji a nema mata gurbi a kanta tun farko.

Ƙasa kuwa, kafet daga bango zuwa bango rumbun ƙura ne, leda kuma tana ɓoye danshi da gara. Darduma ko tabarmar kaba da za a naɗe a kakkaɓe a waje ta fi. Kayan katako a janye su santimita 5 zuwa 10 daga bango don a ga hanyar gara da wuri. Kabad ɗin garin katako yana kumbura in ruwan goge-goge ya taɓa gindinsa, a sa masa ƙafafun roba.

Shuka ɗaya ko biyu ta wadatar. Moɗa tana jure zafi da ƙarancin haske, ruwa sau ɗaya a sati biyu ya ishe ta, yawan ruwa ne ma ke ruɓar da saiwarta. Tukunyar ta zama mai huda a ƙasa, kuma a riƙa zubar da ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashinta, musamman da damina, don sauro na ƙyanƙyashewa a ciki har ya girma cikin sati guda zuwa kwana goma.