Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hunturun Kadawa

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni gidan Baffa bayan rasuwar mahaifina Malam, to sanyin nan da ya shigo ya sa yau zan tsallake maganar makaranta, in Allah ya so za mu dawo kanta.

Ga wanda bai san Kadawa da ke yankin Kura da Garun Malam a jihar Kano ba, ruwan madatsar Tiga ne ke biyo kanal ya shayar da gonakinmu, ita kuma alkama sanyi take so shi ya sa ake shukarta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba. A 1987 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje kowa ya tsunduma, har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Ban ruwa kuwa in layinku ya faɗo da asuba to da asuban za a yi, hazo ya rufe ko'ina, ga iska, ga ƙafa cikin taɓo, faso yana tsagewa har jini.

Dokar Baffa ɗaya ce, ana sallame sallar asuba ba mai komawa cikin bargo. Yana da keke amma turawa yake mu taka a ƙasa har gona, in mun isa ma ba a fara da kaya mai nauyi, sai ka share bakin kanal, ka gyara kunya, ka ɗan murɗa ƙugu ka miƙe hannuwa, sai zufa ta fara tsatsowa sannan ya yarda ka taɓa buhu. Kullum maganarsa ke nan, "Yaro, sanyi mazauni yake bi."

A kan wannan ne Goggo ta shiga dangi tana cewa Baffa ya mai da maraya bawa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, mutumin da yake shafa min man kaɗe a diddige da hannunsa da daddare, mutumin da ko sau ɗaya bai bari mun kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba saboda ya san iskarsa na kashe mutum cikin barci, shi ne azzalumi? Nata ɗan kuwa, Yaya, jin wutar kara yake a ƙofar gida har hantsi ya dubi ludayi, wai shi ɗan gata. Ranar da ya miƙe daga bakin wutar ya sunkuya ya fizgi buhun taki mai kilo 50 bayansa ya riƙe nan take, ya daɗe a kwance, sallah ma a zaune. Sai aka ce baki ne, wai Baffa ya yi masa baki. Kai jama'a.

Bayan shekaru da aiki ya kai ni Jos, can ne na san sanyin Kano wasa ne, ga zaman ofis daga safe har la'asar, gwiwata ta fara ƙagewa in na yi ruku'u. Likitan gashin ƙashi da na gani ya ce min a sanyi jiki yana rage jinin da ke zuwa hannu da ƙafa, tsoka ta takure, don haka kafin aikin ƙarfi a yi tafiyar minti 5 zuwa 10 tukuna, kada a zauna awa guda cur ba a miƙe ba, a riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi, in za a ɗauki kaya kuma a durƙusa da gwiwa ba a lanƙwasa baya ba. Ina zaune ina jinsa ƙwalla ta cika min ido, don Baffa bai yi boko ba amma duk wannan ya faɗa mana a bakin kanal. Sanyi mazauni yake bi. Allah ya jiƙan Baffa ya haskaka kabarinsa.

Yanzu yarana ma daga masallaci sai mun zaga unguwa kafin a sha koko, uwarsu na mita ni ko a jikina. Shi Yaya har yanzu da sanda yake tafiya in Janairu ta kama, kuma a bikin da aka yi kwanaki sai da ya sake ɗauko zancen bakin nan a gaban surukai, na yi shiru ne kawai don albarkacin zumunci.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka raba gonar bayan rasuwar Baffa, da abin da Goggo ta ce a gaban mai unguwa.