Abin da Notre-Dame ta Paris da unguwarta ke koya wa mai nazarin tsofaffin gine-gine

Mai nazarin babbar majami'ar Notre-Dame yakan ɓata hanya idan ya fara da ɗaga kai yana kallon hasumiyoyinta biyu masu tsawon mita 69. Gara ya fara duba ƙasa. A daɓen filin da ke gabanta akwai layukan duwatsu masu launi daban, suna nuna inda titin Neuve-Notre-Dame ya bi a da. Bishop Maurice de Sully, wanda ya soma ginin a 1163, shi ya sa aka yanka titin, faɗinsa wajen mita 6, ya ratsa cikin gidaje har ƙofar majami'ar. Ma'ana, waɗanda suka sassaƙa fuskar ginin sun yi ta ne domin mutumin da zai ɓullo daga lungu ya tarar da ita tsaye a kansa. Wannan makeken fili da masu yawon buɗe ido ke ja da baya a cikinsa su ɗauki hoto, aikin Haussmann ne, jami'in gwamnatin da ya sake fasalin birnin Paris, a shekarun 1860.

Haussmann ya yi wa tsibirin Cité, inda majami'ar take a tsakiyar kogin Seine, aski na gaske. Ya rushe yawancin tsofaffin gidaje da ƙananan coci-coci, aka mayar da asibitin Hôtel-Dieu arewacin filin, aka gina bariki wanda yau shi ne hedikwatar 'yan sandan Paris. Tsibirin da ya cika da masu sana'a da ɗalibai ya koma wurin ofisoshi, mazaunansa yanzu ba su kai dubu ɗaya ba. An sami iska da tsafta, babu musu, amma an raba majami'ar da jama'ar da suka sa ta zama abin da take. Mai son ya ji ƙanshin tsohuwar unguwar sai ya zaga arewa, titin Chanoinesse, inda limaman majami'ar suka zauna. Sauran kuwa na ƙarƙashin ƙasa: haƙar da aka fara a 1965 domin wurin ajiye motoci ta tono harsasan gini tun na zamanin Rumawa, aka mayar da wurin gidan tarihi a 1980.

Shi ma ginin ba na zamani ɗaya ba ne. A 1793 masu juyin juya hali suka fille kawunan mutum-mutumin sarakunan Yahuza 28, a zatonsu sarakunan Faransa ne. An tsinci 21 daga kawunan a 1977. Hasumiya mai tsini da duniya ta kalla tana faɗuwa a 2019 ma ba ta asali ba ce, mai zanen gine-gine Viollet-le-Duc ne ya ɗora ta a 1859, tsawonta mita 96. Duk wanda ya ce a mayar da gini yadda yake tun asali, a tambaye shi wane asalin yake nufi.

Inda ilimin ya fi yawa shi ne gobarar 15 ga Afrilu, 2019. Na'urar gano hayaƙi ta yi aikinta, ta yi ƙara wajen ƙarfe 6:20 na yamma. Matsalar ita ce saƙon da ta nuna bai fito sarari ba, sai mai gadi ya hau saman ɗakin ajiyar kayan ibada da ke gefe, bai ga komai ba. Kafin a gane cewa wutar na saman babban zauren ne, an yi asarar kusan rabin awa. A can sama kuwa katakon oak ne na ƙarni na 13, busasshe ƙayau, babu bangon da zai tare wuta, babu bututun yayyafa ruwa. An gina tsarin ne a kan zaton cewa katako mai kauri a hankali yake ci, mutum zai iya hawa ya kashe. Kafin ƙarfe 8 hasumiyar mai tsini ta faɗi ta huda rufin dutse da ke ƙarƙashin katakon. Kayan aiki ba su gaza ba, abin da ya gaza shi ne hanyar da saƙo ke bi daga na'ura zuwa ƙafar mutum.

Bayan wuta ta mutu haɗarin bai wuce ba, kuma sai wanda ya san yadda nauyi ke tafiya a ginin zai gane dalili. Rufin dutsen, mai kama da ɗaurin guga a fasali, yana tura bango waje. Tokaran dutse da ke waje suna mayar da shi ciki. Da rufin ya ɓule, sai tura ta zama ta gefe ɗaya. Shi ya sa aka fara da sassaƙa bakan katako aka cusa ƙarƙashin tokara 28, kowanne da awonsa, don babu biyu da suka yi daidai. Sannan ga ƙarafan hawa na magina kusan 40,000, nauyin tan 200, da aka kafa domin gyaran hasumiyar mai tsini tun kafin gobarar, zafi ya manne su wuri ɗaya. Sai da aka ɗaure su da wasu ƙarafan tukuna, ma'aikata suka riƙa saukowa da igiya suna yanka su ɗaya-ɗaya har Nuwamban 2020. Ruwan kashe gobara ma ya bar nasa: ya jiƙa dutsen, gishiri ya taso yana cin fuskarsa, aka riƙa shafa kwaɓin yumɓu da yashi, ya bushe ya tsotso gishirin, a ɓamɓare.

Unguwa ma ta sha nata kason. Dalmar rufin, fiye da tan 400, ta narke, ƙurarta ta sauka a tituna da makarantu. An dakatar da aiki na makonni a tsakiyar 2019 don kare lafiyar ma'aikata, filin gaba kuma bai buɗe ba sai ƙarshen Mayun 2020.

Abin da ya sa aka iya maimaita rufin shi ne rubutu da awo. 'Yan shekaru kafin gobarar, masu zanen gine-gine Rémi Fromont da Cédric Trentesaux sun auna katakan rufin suka zana su, masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon kuma ya ɗauki siffar ginin da na'urar leza. Da wannan kafintoci suka sassaƙe itatuwan da gatari tun suna ɗanye, domin gatari na bin jijiyar itace, zarto kuwa yanke ta yake yi. An sare itatuwa wajen 2,000, aka sake buɗe majami'ar ranar 7 ga Disamba, 2024.

An mayar da katako, an kuma mayar da dalma, duk da ƙorafin masu kare muhalli, kuma ƙorafin nasu yana da tushe ganin abin da maƙwabta suka shaƙa. Abin da aka sauya na ɓoye ne: an raba cikin rufin gida uku da bangaye biyu masu tare wuta, an sa kyamarori masu gano zafi, da bututun da ke fesa ruwa kamar hazo da kansu, ba tare da jiran wani ya hau matakala ya tabbatar ba.