Yadda Na Kusa Kashe Mafarauci da Tuba

Muna aji uku a makaranta mu huɗu muka haɗa wani ɗan ƙaramin wasan kwamfuta. Uku suna fama da manhajar, ni kuma aka bar mini labari, tunda an san ni da surutu. Jaruminmu wani mafarauci ne mai zafin kai, wanda ya banka wa daji guda wuta don ya kama kura ɗaya. Wasan bai kai minti ashirin ba, amma 'yan ajinmu sun so shi. Da shekarar ƙarshe ta zo sai muka ce a dawo da shi a kashi na biyu, a ce shekara ashirin sun wuce a cikin labarin.

Sati biyu na yi ina rubutu, na cika shafi goma sha ɗaya. Mafarauci ya tsufa, ya yi nadama, ya rataye baka, yana zaune gindin tsamiya yana yi wa yara nasiha. Na kai wa abokan aikina ina ji da kaina. Wanda ke kula da motsin jarumin ya karanta har ƙarshe, ya ajiye takardun, ya ce: "Malam, rubutu kam ya yi. To wane maɓalli mai wasa zai danna? Na nasiha?" Aka kwashe da dariya. Ban yi ba.

Da haushin ya huce sai na koma na duba yadda manya suka yi da irin wannan matsala, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Kratos, jarumin wasan God of War. Duk wanda ya taɓa kashe kuɗin tararsa a gidan gem zamanin PlayStation 2 ya san shi: God of War na farko ya fito a 2005, na biyu a 2007, na uku a 2010. Mutum ne da ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa bisa yaudarar Ares, allan yaƙi a tatsuniyar Girka, aka la'ance shi tokarsu ta manne a fatarsa, ya bi allolin tatsuniyar Girka ɗaya bayan ɗaya yana gamawa da su. Ihu da jini, ba wani abu. Har mu da muke sonsa mun fara gajiya.

A 2018 kamfanin Santa Monica Studio ya dawo da shi ƙarƙashin jagorancin Cory Barlog. Aka kai shi ƙasar tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, aka ba shi gemu, aka ba shi gatari, aka canja mai yi masa murya zuwa Christopher Judge. Tafiyar ma mai sauƙin faɗa ce: matarsa ta biyu, Faye, ta rasu, shi da ɗansu Atreus za su kai tokarta kan dutse mafi tsawo.

Abin da na gani, wanda ni na kasa yi, shi ne ba su wanke masa hannu ba. Tokar nan tana jikinsa. Damatsansa a naɗe suke da ƙyalle don ɓoye tabon sarƙa. Tsoffin wuƙaƙensa masu sarƙa ma ba a jefar da su ba, yana ɓoye da su ƙarƙashin daɓen ɗakinsa. Sai da yaron ya kwanta rashin lafiya, ya zama dole ya shiga Helheim, duniyar matattu mai tsananin sanyi, inda gatarinsa na ƙanƙara ba ya aiki, sannan ya koma gida ya tono su. Ranar da na kai wurin nan sai da na ajiye abin wasan na ɗan yi shiru. Makamin da muke ihun murna da shi muna yara, ga shi an miƙo mana a matsayin abin kunyar mai shi. Kuma da hannunka za ka yi amfani da shi, ba a fim za a nuna maka ba.

Nan ne amsar tambayar abokina take. Ubancin Kratos yana da maɓalli: ka danna, Atreus ya harba kibiya. Yaron ne mai karanta rubutun da uban bai iya ba. Kana buƙatarsa kafin ma ka fara sonsa. Maganar baki kuwa kaɗan ce; akwai inda Kratos ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗar yaron, ya fasa. Wannan fasawar ta fi shafina goma sha ɗaya.

Ba kowa ke dacewa ba. Da aka sabunta Lara Croft a Tomb Raider na 2013, an nuna ta tana kakkarwa bayan ta kashe mutum na farko, jim kaɗan kuma mai wasa yana zubar da mutane kamar ɗanyen kara. Labari na gabas, yatsu na yamma. Mutane da yawa sun yi ƙorafin haka, kuma ina tare da su.

Na yaga nasihata, na bar layi tara kacal. Muka mayar da kashi na biyu cikin dajin da ya ƙone, kututture baƙi ƙirin ko'ina. Muka sa hannun tsohon yana rawa idan ya daɗe yana auna baka, dole ya harba da wuri ko ya fasa. Kibiyar wuta kuma muka bar masa ita a cikin kwari. Tana aiki sarai, tana gama faɗa nan take, sai dai duk inda ta faɗi ɗan tsiron da ya fara fitowa ya tafi.

Ranar gwaji muka zaunar da wata 'yar ajinmu da ta buga kashi na farko. Kuraye uku suka kewaye ta kusa da wata 'yar kuka da ta fara toho. Ta zaɓo kibiyar wutar, yatsanta ya daɗe a kan maɓallin. Sai ta juyo ta tambaye ni ko akwai wata hanya. Na ce ta nema.